Kujerar Ummi Mai Kallon Baya

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar matata a unguwar Sauka Kahuta da ke Minna ba, kuma ko da na so in manta, dangin matar tawa ba su da niyyar barina. Har yau in muka haɗu a wajen suna ko ta'aziyya, sai wani ya gaishe ni cikin ladabi, sannan ya leƙa bayan motata ya ce, "Yau kuma wa aka ɗauko?"

Bari in faro daga farko. Matata Safiya ma'aikaciyar jinya ce, sai aka tura ta kwas Kaduna na wasu watanni. 'Yarmu ta fari a lokacin tana da shekara ɗaya da rabi, ba a daɗe da yaye ta ba. Sunan mahaifiyar Safiya ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi, ita kuma Hajiya, surukar tawa, take ce mata takwara. Da maganar kwas ta tabbata, Hajiya ba ta ma ɗauki zancen yarinya abin shawara ba. Cewa kawai ta yi, "A haɗo min takwarata da kayanta. Namiji da aikin ofis, ina shi ina raino?"

Ni kuwa na ƙi. Ba a gabanta ba dai, ka san suruki ba ya cewa a'a. Sunkuyar da kai na yi na ce "to, Hajiya", na koma gidana a Tudun Fulani na yi wa matata jarumtaka. Na ce ni ke yi wa Ummi wankan safe, ni ke ba ta koko, ni na san wace waƙa ke sa ta barci. Akwai gidan raino kusa da ofishinmu, da safe in kai ta, da yamma in ɗauko ta, shi ke nan. Abin da ban iya faɗa ba shi ne tsoro nake ji. Ba zan iya dawowa daga aiki in buɗe ƙofa in tarar ba mata ba 'ya ba.

Safiya ta kai saƙo, ta dawo da amsa. Wai Hajiya ta ce, "To a motar wa zai riƙe ta? Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a yarinya?"

Gaskiyarta. Tun da aka haifi Ummi a cinyar uwarta take shiga mota, kamar yadda muka ga kowa yana yi. Ranar na ƙudurta zan nemo amsar da za ta rufe wannan zance, kuma amsar ita ce kujerar yara ta mota.

Ya kamata ka san halina kaɗan. Ni mutum ne da in na kama abu sai na gundure kowa da shi. (A ofis Malam Ƙa'ida suke ce min, kuma ba yabo ba ne.) Na shiga karatu da kallon bidiyo a waya, har na gane cewa kujerun iri-iri ne. Akwai ta jarirai mai kama da kwando, Ummi ta wuce ta. Akwai ta manyan yara, ba ta kai ba. Sai wadda ake juyawa: tun yaro yana ƙarami a kafa ta tana kallon bayan mota, in ya girma a juyo ta gaba. Dalilin kallon bayan ya shige ni sosai. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba. In aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, yaron da ke kallon gaba kansa ne ke fizga, amma wanda ke kallon baya, kujerar ce ke tare kai da wuya da gadon bayansa gaba ɗaya. Da na fahimci wannan sai na riƙa jin haushin duk motar da na gani da yaro tsaye tsakanin kujerun gaba.

Na fara zagaya wajen 'yan gwanjo. Kujeru kam akwai su, wasu har da ɓurɓushin biskit ɗin yaran Turai a lungunansu. Amma na karanta cewa kujerar da ta taɓa shiga haɗari ba a sake amfani da ita ko da ido bai ga tsagewa ba, kuma robarta tana tsufa, har kwanan daina aiki ake bugawa a ƙarƙashinta. Haka na riƙa kifa kujerun mutane ɗaya bayan ɗaya ina leƙen gindinsu, ina tambayar mai kaya ko ya san tarihin kujerar. Wani ya dube ni ya ce, "Oga, kujera za ka saya ko aurenta za ka yi?" Ƙarshe dai sabuwa na sa aka kawo min daga Abuja a kwalinta.

Kafa ta kuwa sai da ya cinye min Asabar guda. Motata tsohuwa ce, ba ta da ƙarafan nan da ake saƙala kujera a cikin kushin, don haka da bel ɗin mota zan ɗaure. Hanya biyu ce bel ke bi a jikin kujerar, mai shuɗiyar alama ta kallon baya, mai ja ta kallon gaba, ni kuwa da ƙwarewata na fara bin ja. Na kwance, na sake. Na hau da gwiwa na danne, na ja bel har jijiyar wuyana ta tashi, na girgiza kujerar, ta motsa, na sake kwancewa. Ga wani layi a gefenta da ya kamata ya daidaita da ƙasa don kada kan yarinya ya riƙa faɗowa gaba in ta yi barci, ƙofar gidanmu kuwa gangare ne, sai da na tuƙa motar zuwa filin makarantar firamare na auna a can. Kujerar gaba tuni na cire ta daga lissafi saboda jakar iskar nan da ke fashewa.

Da na gama, Ummi tana barci, Safiya ta ce in na tashe ta ni da ita. Sai na ɗauko wata ƙatuwar doya daga kicin, na naɗe ta da tawul, na zaunar da ita a kujerar ina koyon ɗauri. Igiyoyi su fito daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan. Maɓallin ƙirji ya tsaya daidai hammata. A ja har sai in ka mintsini igiyar ba ka kamo komai ba. Ina cikin mintsinin igiyar doya maƙwabcina ya wuce zai tafi masallaci. Ya tsaya, ya yi kallo, ya ce, "Allah ya raya," ya wuce abinsa.

Ummi ta karɓi kujerar ba rigima. Mutane ne suka ƙi karɓa. Wannan ya ce yarinya za ta yi amai, wancan ya ce ƙafafunta za su lanƙwashe, wani ya ce ina aka taɓa ganin ɗa ya juya wa ubansa baya. Kowa na ba shi lacca. Da na kai wa Hajiya ta gani, ta zagaya motar, ta taɓa kushin ɗin, ta dubi yadda Ummi ta harɗe ƙafa tana cin ayaba. Ba ta kushe ba.

"Abu ya yi kyau," in ji ta. "Ga bikin Asabar nan. Safiya za ta kwana nan saboda kai amarya. Kai ka tafi da takwara gida, ku kwana ku biyu. In gari ya waye lafiya, sai mu ga abin da ya kamata."

Na ce "to, Hajiya" kaina a ƙasa, amma a raina har na ci jarrabawa.

Ranar biki na sauke su tun da hantsi, na rufe kujerar da farin tawul don kada ƙarfen maɓalli ya yi zafi a ranar Minna, na koma rumfar maza. An yi wa ƙananan yara mata na dangi da na maƙwabta anko: atamfa ruwan goro, hula mai baki kamar malafa, kitso da duwatsu, duk a hannun mai kitso ɗaya. In suka gilma a guje sai ka ce 'yan tsaki.

Bayan la'asar na ga lokaci ya yi. Na kira Safiya ba ta ɗauka ba, kiɗa ya cika gidan. Sai na shiga da kaina. A tsakar gida na yi kiciɓis da abin da kowane suruki ke gudu: gwaggonni da innoni da ƙawayen Hajiya, jere a kan tabarmi. Na zube na fara gaisuwa, idona a kan takalmana. A gefensu an shimfiɗa babbar tabarma a inuwa, yaran da rawa ta gajiyar sun yi barci a kai.

Wata gwaggon Safiya da ta zo daga Kontagora, wadda ba ta san yaran gidan ba, ta ce, "Angon Safiya ne? Me ake nema?"

Na ce, "Yarinyar zan ɗauka."

Ka lura, ban faɗi suna ba. 'Yar fari ce, ga shi sunan surukata gare ta, ga manya sun zuba min ido. Ko "Ummi" ɗin ma nauyi ya yi min a baki.

"Wacce ce taka a ciki?"

Na ɗan saci kallo ta gefen ido. Na ga ƙarama a bakin tabarma, ruwan goro, duwatsu, hula ta rufe fuska. Na nuna da hannu na ce, "Waccan." Ina laifin in matsa in ɗaga hular? Amma ai sai a ce ga shi can yana ƙare wa 'yarsa kallo a gaban iyaye, ba kunya. Gwaggo ta ɗauko ta ta miƙo, na saɓa ta a kafaɗa, tsofaffi suna ta sa min albarka, wata tana cewa irin wannan kunya ta yi ƙaranci a samarin yanzu. Na fita ina jin daɗin kaina.

A waje maza suka taso kallon ɗauri, domin labarin kujerar ya riga ni zuwa. Ni kuwa abin nema ya samu. Na zaunar da ita a hankali, kanta ya langaɓe ta wancan gefen, hular tana nan a fuska, na ce a bar ta haka saboda rana. Na fara bayani kamar malamin tuƙi. Na nuna musu kafaɗa, na nuna hammata, na sa wani ƙanin Safiya ya mintsini igiyar da hannunsa. Har na lura igiyoyin sun ɗan matse fiye da yadda na bar su da safe. Na sassauta kaɗan, na ce wa jama'a, "Kun gani? Kullum sai an sake aunawa. Shinkafar biki kaɗai ta isa ta canza lissafi." Aka yi dariya. Na rufe da cewa direba na gari ba ya taɓa waya, na kashe ƙarar tawa a gabansu, na jefa ta aljihun mota.

Tafiya ce mai daɗi, wallahi. Na bi ta Ketaren Gwari a hankali, 'yan acaba suna wuce ni suna zagi, ko a jikina. In na dubi madubi, bayan kujerar kawai nake gani da ɗan gefen hula. (Ana sayar da wani ƙaramin madubi da ake liƙawa don ka riƙa ganin fuskar yaro, amma na karanta cewa yana ɗauke hankalin direba, na ƙi saye.) Wajen Bosso na ji motsi, sai na fara hira. Na ce mata yau mu biyu ne, za mu sha shayi, za mu nuna wa Hajiya. Na rera mata waƙar barcinta tun daga farko har ƙarshe. Ba ta tanka ba, na ce gajiya ce.

Na tsaya a ƙofar gida, na zagayo, na buɗe ƙofa da fara'a na ce, "Hajiya ƙarama, mun iso!" Na ɗaga hular.

Wata yarinya ce take kallona. Kyakkyawa, mai kumatu, da manyan idanu, a natse. Ban taɓa ganinta ba.

Na mayar da hular. Ban san dalili ba, wataƙila na ɗauka in na sake ɗagawa abin zai gyaru. Na sake ɗagawa. Tana nan. Har ta miƙo min hannu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Na ruga na buɗe aljihun mota. Na rarumo waya, na tarar da kira ba iyaka, na Safiya, na ƙannenta, da lambobin da ban sani ba. Kafin in danna ta sake haske. Safiya ce.

"Abban Ummi, kana ina?"

"Ina gida."

"Kai da wa?"

"Wallahi ban san ta ba."

Na ji ta ja dogon numfashi, ta juya ta ce wa wasu, "Tana wurinsa." Wata mata ta ƙwalla ƙara a bayanta. Sannan ta dawo kaina, muryarta a kwance, irin wadda take yi wa majinyata. "Ladi ce, 'yar maƙwabtan Hajiya. Uwarta ta kusa haukacewa."

"Ummi fa? Ina Ummi?"

"Ummi tana goye a bayan Hajiya tun azahar, suna ɗakin amarya. Ka juyo. Kada ka yi gudu, ka juyo kawai."

Daga baya na ji yadda aka yi. Maman Ladi ta zo ɗaukar 'yarta ba ta gan ta ba. Aka duba ɗakuna, aka duba maƙwabta, aka tsayar da kiɗa, aka yi cigiya a lasifika. Ba wanda ya kawo ni a rai, don kowa ya ga na tafi da 'yata. Sai da hayaniya ta fito da Hajiya daga ɗaki da Ummi a bayanta, ƙanin Safiya ya dube ta, ya dubi titi, ya ce, "To wa Yaya ya ɗaure?"

Na ba Ladi biskit ɗin Ummi, na sake duba igiyoyinta (a wannan halin ma sai da na mintsina), muka kama hanya. Ta yi haƙuri har Bosso, daga nan ta tuna ba ta san ni ba, ta buɗe murya. Haka na ratsa gari da 'yar mutane tana kiran mamanta, gilashi a rufe, ina addu'ar kada wani ya leƙo ya yi min tambayar da ba ni da amsarta.

Da na shigo layin, biki gaba ɗaya yana waje. Ba kiɗa, ba guɗa. Motocin kai amarya sun jeru, amarya tana ciki tana jira. Ban gama tsayawa ba Maman Ladi ta fizge ƙofar baya, ta kama igiyoyi tana ja, sun ƙi sakinta. Dole ni ɗin dai na zo na danna maɓallin. Ta rungume 'yarta ta zauna a ƙasa, ɗankwalinta ya faɗi, tana kuka tana shafa ta ko'ina.

"Baban Ummi, ka kashe ni yau," in ji ta. "Na leƙa rijiya. Har rijiya na leƙa."

Wannan maganar ce ta fi komai yi min ciwo. Mutanen nan maƙwabtan Hajiya ne tun kafin a haifi Safiya, in Kirsimeti ta zo da shinkafarsu ake cika gidan. Na durƙusa a gabanta ina ba da haƙuri, ban ma san me nake faɗa ba. Mijinta, dattijo mai sanyin hali, ya kamo kafaɗata ya ɗaga ni. Ya ce, "Tashi, tashi. Yarinya ta dawo lafiya, shi ke nan. Mun gode Allah."

Sai jama'a suka dare, Hajiya ta fito. Ummi tana bayanta, ta leƙo ta gefen mayafi, ta gan ni ta washe baki ta ce, "Abba!" Na sake zubewa.

"Malam, sannu da hanya."

"Yawwa, Hajiya."

"Kujera ta yi aiki?"

"Ta yi, Hajiya."

"Madalla. Na ga 'yar mutane ta je lafiya ta dawo lafiya, ko ƙwarzane babu. Abin kirki ne, kada ka cire ta." Ta gyara goyonta. "Takwara dai a nan za ta zauna har uwarta ta dawo. Duk Asabar ka zo ka ɗauke ta ku wuni. Ni zan miƙa maka ita da hannuna."

Ba faɗa, ba ɗaga murya. Da ma zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Na ce "to, Hajiya", wannan karon kuma har zuciyata. Safiya tana gefe ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta.

Aka tayar da kiɗa, aka tafi kai amarya, ni kuma na koma Tudun Fulani ni kaɗai. A hanya na riƙa duban madubi saboda sabo. Abin da na gani shi ne abin da na gani ɗazu, bayan kujera. Daga wajen direba, da yarinya a ciki da babu duk ɗaya ne. A nan ne hawaye suka zo min.

Watannin nan na yi su, gidan shiru, ina jiran Asabar kamar ɗan makarantar kwana. Ummi ta yi ƙiba a hannun Hajiya, ta koyo kalmomin da ban koya mata ba. Safiya ta gama kwas ta dawo, yarinya ta dawo gida, tana nan tana kallon baya a kujerarta har sai ta kai nauyin da za a juya ta, kuma duk mai son jin dalili har yanzu ina da lacca.

Sai dai na ƙara mataki ɗaya a kan waɗanda na koya a bidiyo, kuma shi nake farawa da shi. Kafin kafaɗa, kafin hammata, nakan ɗaga hula in dubi fuskar 'yata sosai, in kira sunanta da ƙarfi, ko a gaban wa nake. An ce na rage kunya. Na yarda, ai na gwada mai yawan na ga inda ta kai ni.